Lektar mai serber a ciki: inda take isa da inda take gazawa a garin da kuran ba ya da alkawari

Akwatunan kiɗa masu shiga wifi sun fara shigowa Maradi ɗai-ɗai, wasu daga Kano ta Ɗan Issa, wasu cikin kayan 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Chana, kuma maganar da mai saidawa ke yi kusan ɗaya ce ko'ina: "Alhaji ba ka buƙatar komi, soka kile ko diski a bayanta kawai, ita za ta tsara maka duka ka dinga zaɓe daga waya." Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Ra'ayina shi ne duk wanda tarin kiɗansa da karatunsa ya fara yawa, ko yake son sauti a ɗaki fiye da ɗaya, to ya cire aikin serber, wato tsara tarin da nemo abin da ake so, daga cikin lektar, wato akwatin kiɗan, ya ba wata na'ura daban. Sai dai na'urar da Turawa ke ba da shawara a saya ba lalle ita ce ta dace da mu ba, nan ne nake rabuwa da su.

Aiki biyu ne a nan, mutane ke ɗaukarsu ɗaya. Na farko fitar da sauti, wato lektar ta karɓi fayil ta maida shi abin da ampuli da bafil za su busa. Wannan ba ya cin ƙarfi, ƙaramar na'ura ma tana yi. Na biyu shi ne na serber: ya buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, ya karanta sunan mawaƙi ko alaramma, sunan kundi, shekara, hoton bango, ya rubuta duka cikin wani rajista, sannan duk sanda ka taɓa waya ka ce a nemo maka kaza ya amsa nan take. Wanga aiki shi ke son ƙwaƙwalwa da furosesa mai ƙarfi, kuma shi ne kamfani ke matsa wa cikin akwatin da aka ƙera don aikin farko. Kamar mai tebur ne a bakin titi, shi ke awo shi ke canji shi ke riƙe bashi a ka, lafiya lau yake tafiya, amma a ce da wannan tsarin za a riƙe shagon sari a babbar kasuwa ai an san ƙarshen zancen.

Abin ba sabo ba ne. Lektar Squeezebox Touch da kamfanin Logitech ya fitar a 2010 tana da serber a ciki, ka sa kile ko katin SD ta yi aiki ba kwamfuta. Amma furosesanta 533 MHz ne, ƙwaƙwalwar aiki 128 MB, saboda haka serber ɗin da aka sa mata yankakke ne, ba shafin da za ka buɗe a kwamfuta ka sarrafa shi, ba ya juya fayil daga wani nau'i zuwa wani, kuma in tarin ya yi yawa binciken diski sai ya ja lokaci har mutum ya gaji ya kashe. Na'urar nan ɗaya, in aka haɗa ta da cikakken serber ɗin kamfanin, Logitech Media Server, da ke kan wata kwamfuta, sai ta zama kamar ba ita ba. Na yanzu sun fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, ban musa ba, amma iyaka tana nan. Lektar kamfanin Sonos ma da ba ta karɓar kile, sai dai ta karanta folda daga rezo ta ajiye rajistan a cikinta, ta tsaida iyakarta a fayil 65,000.

Wani zai ce ina ni ina fayil dubu sittin da biyar. To a yi lissafi irin namu. Karatun Alƙur'ani da aka yanka aya-aya, irin wanda masu hadda ke so don maimaitawa, fayil 6,236 ne na alaramma ɗaya a ƙirgen Hafsu. Alaramma goma sun kai 62,360 ke nan, ba a sa tafsirin azumi na shekaru ba, ba a sa waƙoƙin biki da na kokawa da tsofaffin kaset ɗin da yara suka juye maka ba. Nauyinsu a diski ba wani abu ba ne, fayilolin ƙanana ne, amma serber ba nauyi kaɗai yake ji ba, yawan layin rajista yake ji. Wanda ya ƙera akwatin ya yi tunanin mutum mai faifan CD ɗari biyar kowanne da waƙa goma sha biyu, bai san da mu ba.

Sai kuma halin fayilolinmu, wanda ni a ganina ya fi komi muhimmanci kuma ba mai maganarsa. Ka karɓi kile daga wajen masu turi, ko ka kwashe abin da ke wayarka, ka soka a lektar ka buɗe aplikasiyon. Abin da za ka gani: wajen sunan mawaƙi an rubuta ba a sani ba, ƙarƙashinsa fayil dubu biyu a jibge, ɗaya AUD-20230815-WA0007, na bayansa Track 01, Track 01 kuma, wani an sa lambar wayar shagon da ya tura a matsayin sunan kundi, wani hoton bangonsa tallar wani shafi ne, mawaƙi ɗaya an rubuta sunansa iri huɗu saboda wani ya rubuta da boko irin na Najeriya wani ya rubuta da "ou" da "tch" irin namu. Serber na ciki abin da ya tarar shi zai nuna maka, da yawansu ba za su bar ka ka gyara komi ba, sai ka zare diskin ka kai kwamfuta ka gyara ka dawo ka soka, ita kuma ta sake bincike. Da serber na waje, daga laftof ɗinka kana zaune za ka shiga foldar ta wifi ka gyara sunaye, ka ce a duba abin da ya canza kawai. Haka saƙonnin murya na WhatsApp, da yawa karatuttukan malamai ta nan suke yawo, nau'in Opus ne, kuma ba kowace lektar ke gane shi ba. Cikakken serber yana juya shi nan take ya miƙa wa lektar abin da take ganewa, na ciki galibi sai dai ya tsallake fayil ɗin shiru kamar babu shi.

Yanzu maganar kuran. Wutar Maradi mafi yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba wanda ya manta abin da aka sha bayan an yanke ta a watan Agusta 2023 sai 2024 aka maido. Ko ba wannan ba, watan Afrilu da Mayu kowa ya san yadda delestaj yake. Lektar mai serber a ciki in aka ɗauke wuta tana tsakar rubuta rajista, rajistan na iya lalacewa, wasu kuma duk sanda suka tashi sai sun sake leƙa diskin kafin su ba ka jerin. A gidan abinci ko wajen walima, kuran ya dawo, fanka ta tashi, firji ya tashi, baƙi na zaune, yaron shago na riƙe da waya yana kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Ga kuma ramin USB ɗin kansa: USB 2.0 a ƙa'ida 500 mA yake bayarwa, ƙaramin diski mai juyawa kuwa lokacin tashi yakan nemi fiye da haka, shi ya sa za ka ji yana ƙas ƙas ƙas ya kasa tashi, mutum ya ɗauka diskin ne ya mutu alhali yunwar wuta ce.

Amma a nan ne shawarar waje ke kuskure mana. Su sai su ce sayi NAS, wato akwatin ajiyar fayiloli da ake haɗawa da rezon gida, mai diski biyu ko huɗu, ko ka bar tsohuwar kwamfutar tebur a kunne dare da rana. Kwamfutar tebur tana iya shan wat 60 zuwa sama, diskoki masu juyawa ba abin da suka tsana irin yankewar wuta bagatatan, ga ƙurar hunturu da fanka ke zuƙa ciki, ga zafin da ke wuce digiri 40. Wanda ya bi wannan shawarar ba ondilar ba batir ya ƙara wa kansa matsala ne. Abin da ya dace da mu ƙarami ne: 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, wat 3 zuwa 7 take sha a volt 5, a haɗa ta da diskin SSD maras juyawa, a ɗora ta ita da rutar wifi kan ƙaramin batir ko pano ɗin da ke gidan dama. In ka ɗauki wat 5, yini da kwana 120 Wh ke nan, bai kai abin da fanka ɗaya ke sha cikin 'yan awoyi ba. A sa mata ƙarfen sanyaya don tana rage gudu in ta kai digiri 80, kuma kada a kulle ta cikin kabad. Manhaja kuwa kyauta ce, akwai piCorePlayer da ke loda kanta cikin ƙwaƙwalwar aiki don haka yankewar wuta ba ta cika lalata katinta ba, akwai Jellyfin da Navidrome da ƙaramar sigar MinimServer. Kuma duk wannan ba ya cin forfe ko mega ɗaya, sautin cikin gida yake yawo daga serber zuwa rutar zuwa lektar, ko rezon Airtel da Moov da Zamani sun faɗi gaba ɗaya kiɗanka na tafiya.

Akwai wani dalili da ya wuce fasaha. Logitech ta daina ƙera Squeezebox a 2012, ta rufe shafin mysqueezebox a farkon 2024, amma na'urorin na aiki har yau saboda serber ɗin buɗaɗɗe ne, masu sa kai suka riƙe shi suka sake masa suna Lyrion Music Server. A ɗaya gefen, Sonos ta sauya aplikasiyonta a watan Mayu 2024, masu tarin kiɗa na kansu suka wayi gari abubuwan da suka saba yi da shi sun ɓace ko sun lalace, rigimar ta yi tsanani har shugaban kamfanin Patrick Spence ya sauka a Janairu 2025. In mutumin Amurka da ke iya kiran kamfani ya yi ƙorafi ya sha wannan, mu da ko garanti ba ya biyo kayan ya ƙetare Jibiya fa? Rajistanka da jerin waƙoƙin da ka ɓata dare kana tsarawa, in suna cikin akwatin kamfani, ranar da akwatin ya ƙone ko aka canza manhaja sun tafi. In suna kan na'urarka, lektar ce kawai za ka canza.

Ban ce kowa ya ruga neman Raspberry ba. Haɗa ta na son wanda ya ɗan san kan abin, kuma in ta rikice ba kowane mai gyaran waya ne zai taɓa ta ba, sai ka nemi irin yaran da suka karanta informatik a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko wani da ya saba da Linux, tsarin da take aiki da shi. Mutumin da ke da fayil dubu ɗaya ko biyu, ɗaki ɗaya, kile ɗaya, kuma ba ya ƙara sabbi kullum, serber na ciki ya ishe shi, duk wanda ya ce masa ya ƙara kashe kuɗɗi yana son cin nasa ne. Shi dai ya ajiye kwafi na biyu a wani wuri, ya tsara foldojinsa da hannu, karatu daban waƙa daban kowane malami da tasa, don binciken ta folda shi ne abin da ko mafi raunin serber ke iyawa.

Wanda kuma zai saya yanzu, kada ya tsaya ga gwajin da ake yi da kilen mai shago mai waƙa ashirin. Ya tafi da nasa diskin, wanda ke da dukan tarkacensa, a soka, a duba minti nawa za ta yi kafin jerin ya fito, sannan a zare wuta a maida a ga ko za ta sake farawa daga farko. Ya kuma tambaya ko tana karɓar UPnP ko DLNA ko tsarin Lyrion, wato hanyoyin da lektar ke magana da serber ta rezo, don ranar da tarin ya fi ƙarfinta a iya ɗora mata serber na waje ba sai an sake sayen wata ba.