Wai Irin Askin Rapinoe Take So

Ranar Asabar na kai 'yata filin ƙwallon yara a nan Seattle ta Amurka. Ana ta yayyafin nan nasu da ba ya ɗaukewa, iyaye kowa da kujerarsa ta naɗewa da kofin gahawa a hannu, ga karnuka sanye da rigunan ruwa. Cikin 'yan ƙungiyarsu sai na ga yara mata an kwashe musu gashin gefe da na ƙeya, an bar tozo a sama, wata har an rina mata nata ruwan hoda. Muna shiga mota yarinyar nan ta ce, "Umma, ni ma irin na Rapinoe nake so." Wallahi sai da gabana ya faɗi.

Megan Rapinoe take nufi, wadda ta buga wa ƙungiyar Reign ta garin nan daga 2013 har ta yi ritaya a 2023. Ita ta ɗauki takalmin zinare da ƙwallon zinare a gasar kofin duniya ta 2019 a Faransa, da ɗan guntun gashinta rinanne. Ta bar fili, askin bai bar kan yara ba. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta ce ai tsohon yayi ne, lokacin da Dorothy Hamill ta ci zinare a wasan zamiya kan ƙanƙara a 1976, ita ma sai da aka yi mata irin askinta.

Ban ce babu sauƙi a ciki ba. Yarinya ta yi gumi, ta watsa ruwa, ta fice. Asisat Oshoala tamu ma da gajeren gashi aka san ta, kuma sau shida tana zama gwarzuwar 'yar ƙwallon Afirka. To amma ita babba ce. Wadda ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa ba fa?

Su nan gashi kamar riga ne, yau a sa gobe a cire. Mu kuwa a wurin kitso aka raine mu. Kanki a cinyar mai kitso, ana yarfa miki shuku ko kalaba, kina hawaye kina jin wa ya auri wa, wa ke gaba da wa, da yadda ake amsa wa manya. Nan sai kin nemi lokaci ta waya, ki zube daloli, a gama ba a ce miki uffan ba. 'Yata ko sunan kitso ɗaya ba ta sani ba da Hausa.

Aski dai ba za a yi ba. Na riga na kira Yaya a Zariya, dogon hutun bana a ɗakinta za ta yi shi.