Majalisar Bayan La'asar: Nasiha Ga Malaman Manyan Makarantunmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa malamai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wannan tunatarwa ce a kan abin da ba a cika hawa mumbari saboda shi ba, wato zaman da ake yi bayan La'asar a gindin dogonyaro ko a kulob ɗin ma'aikata, inda ake baje dara, ake buga ƙwallon tebur, ake shan shayi ana raha.

Zaman nan ba laifi ba ne. Wanda ya wuni tsaye gaban ɗalibai ɗaruruwa, ya koma ofis ya tarar da tulin takardun jarrabawa da kundayen digiri, yana da haƙƙin ya sarara. Imam Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, Allah ya yarda da shi, ya zo yana kuka da kansa, yana ganin ya yi munafunci saboda idan ya bar majalisar Annabi (SAW) yakan shagala da iyali da dukiya. Annabi ya ce masa: "Ya Hanzala, lokaci da lokaci." Annabi shi kansa ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wani lokaci suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa yana kallo. Saboda haka wanda zai ce farfesa bai kamata a ga haƙoransa ba, ba daga Sunna ya ɗauko ba.

Sai dai Allah ya ba mu ma'auni a aya ta 91 ta Suratul Ma'ida, inda ya faɗi abin da Shaiɗan yake nema da giya da caca: ya jefa ƙiyayya da gaba a tsakaninku, ya kange ku daga ambaton Allah da salla. Duk wani wasa, ko halal ne a asalinsa, a ɗora shi a kan wannan ma'auni. Yana haifar da gaba? Yana cin salla?

Mu fara da sallar, domin nan ne aka fi zamewa ba a ankara ba. A Sakkwato Magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe shida da kwata a hunturu, ta kai bakwai da 'yan mintuna a damina. Majalisar da ta saba tashi ƙarfe bakwai tun watan Yuli, idan Disamba ta zo ba a gyara ba, ladan zai kira ana tsakiyar wasa. Kuma babu mai cewa ba zai yi salla ba. Abin da ake cewa shi ne: "Bari mu ida wanga, saura kaɗan." Wasan da ake cewa saura kaɗan shi ne wanda ya fi daɗewa, domin a ƙarshensa ne kowa yake dogon tunani kafin ya motsa. Maganin abin shi ne a naɗa mutum guda mai lura da agogo, a yarda cewa idan saura minti goma sha biyar a kira salla ba a fara sabon zubi. Wanda kiran ya riska yana tsaka, a ɗauki hoton allon da waya, a rufe, a tafi alwala. Idan an dawo hoton yana nan, babu mai cewa an taɓa masa ɗa.

Sannan wane wasa ake yi? A nan dole a faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Wasan da ake jefa ɗan lido a cikinsa, nassi ya zo a kan irinsa. A Sahihu Muslim: wanda ya yi wasan nardashir (wato nardu, wasan allo da ake jefa ƙwaya a cikinsa) kamar ya tsoma hannunsa ne a cikin naman alade da jininsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik: wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa. Malamai da yawa sun sanya lido a ƙarƙashin wannan hukunci, ko da ba a sa kuɗi ba, domin ginshiƙinsa jefa ƙwayar nan ce mai lambobi shida. Barinsa shi ne kuɓuta. Wasannin tunani irin shaɗaranji (wato chess) kuwa an yi saɓani a kansu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda yawancinmu muka karanta a zaure, ta hana nardu da shaɗaranji gaba ɗaya, Shafi'awa kuma sun tsaya a kan karhanci. Waɗanda suka sassauta sun gindaya sharuɗɗa uku: ba kuɗi, ba jinkirta salla, ba alfasha. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da dara ba, ya tafi teburin ƙwallo ko ya yi tattaki, kuma kada a yi masa ba'a. Wanda ya bi masu sassauci, ya riƙe sharuɗɗan nan da gaske, kada ya ɗauki rangwamen ya yar da sharaɗin.

Maganar kuɗi kuwa, caca ba sai an ga naira a kan tabarma ba. "Wanda aka ci shi zai sayi tsire" caca ce. "Sashen da aka doke su za su biya kuɗin lemo" caca ce. Haka nan gasar da kowa zai zuba dubu ɗaya, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Siffar guda ce: kowa ya shiga yana tsakanin samu da asara, kuma sakamakon wasa ne zai raba. A Bukhari da Muslim an ce wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Wannan fa gayyata ce kawai, ba a kai ga yi ba. Hanyar tsira mai sauƙi ce. A yi asusun shayi, kowa ya zuba daidai a ƙarshen wata, a ci tare, mai ci da wanda aka ci. Ko a yi karɓa-karɓa, wannan mako na wane, mai zuwa na wane. Idan ana son kofi ko kyauta a gasar ƙwallo, ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasar, kamar shugaban tsangaya ko wani mai son alheri.

Rabin rigimar majalisa daga rashin daidaita ƙa'ida take tasowa, domin malamai daga garuruwa daban-daban suka fito, kowa da yadda ake yi a garinsu. Ɗauki dara. Gurabe talatin ne, layi biyar a shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da kara. Idan an gama zubi gurabe shida ne suke zama babu komai. A lokacin zubi ba a jera uku. Bayan an fara tafiya, ɗa yana matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba ya ratsawa ta kusurwa. Wanda ya jera uku ya ci, ya cire ɗan abokin wasansa guda, har sai ɗaya ya rasa 'ya'yan da zai iya jera uku da su. Wuraren gardama sanannu ne: jerin huɗu ci ne ko ba ci ba ne? Ana cire ɗa daga cikin ukun da abokin wasa ya riga ya jera? Wanda ya taɓa ɗa dole ya motsa shi? A yanke waɗannan tun kafin a zauna, a rubuta a 'yar takarda a liƙa. A ƙwallon tebur ma haka: maki goma sha ɗaya ake ci, da tazarar biyu, ana musayar bugun farko bayan kowane maki biyu. Masu shekaru da yawa sun tashi da tsohon lissafi na ashirin da ɗaya, sai ka ga dattawa biyu suna musu a kan abin da kowannensu yake da gaskiya a zamaninsa.

'Yan kallo kuma su kama bakinsu. Mutum ya shirya tarkonsa tun motsi huɗu baya, sai wani daga bayan benci ya yi gyaran murya ya nuna gurbi da haɓa. Wannan ha'inci ne ko da an yi shi da dariya. Akwai kuma ƙa'idar "mai ci ya zauna", wadda take sa gwanaye biyu su mallake allo har Magariba, ƙananan malamai suna tsaye kamar masu jiran sa hannu. A iyakance: wanda ya ci uku a jere ya tashi ya ba wani.

Abin da ya bambanta majalisar malamai da ta bakin kasuwa shi ne, mutanen nan gobe za su haɗu a taron sashe. Wanda ka ci yau shi ne mai duba kundinka, ko yana cikin kwamitin ƙarin girma, ko shi ke raba kwasa-kwasai. Daga nan ɓarna biyu take fitowa. Ƙarami ya riƙa sakar wa babba wasa da gangan yana cewa "Ranka shi daɗe, ai ba a iya maka," wannan fadanci ne, kuma yana koya wa zuciya ƙasƙanci. Ko babba ya ji zafin an ci shi a gaban mutane, ya riƙe abin, ya fito da shi ranar da takardar yaron ta zo teburinsa. Allah gafarta malam, idan har cin dara zai taɓa alƙalaminka, wallahi barin darar ya zama wajibi a kanka. Zalunci duffai ne ranar alƙiyama, kuma a nan ne ake cewa dara ta ci gida.

Haka nan kada majalisa ta koma inda ake yanke hukuncin sashe. Malamai mata ba sa zama a wurin. Wanda yake da nisan gida ba ya zama. Abokan aiki waɗanda ba Musulmi ba, wasu suna zuwa wasu ba sa zuwa. Idan aka gama ƙulla wanda zai zama shugaban sashe ko jami'in jarrabawa a gindin itace, aka zo taro don a buga hatimi kawai, an ci amanar waɗanda ba su nan. Sakamakon ɗalibi kuwa da sirrinsa, makin da ya ci, uzurin da ta kawo ofis tana kuka, ba kayan hira ba ne. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ba ta ware ɗalibi daga 'yan'uwan da aka hana cin namansu ba. Ɗaliban ma suna wucewa ta gefen majalisar, suna jin abin da malaminsu yake faɗa idan ya saki jiki.

Raha tana da iyaka da Annabi (SAW) ya shata da kansa. Yana raha amma ba ya faɗin sai gaskiya. Ya yi wa mai ƙirƙirar ƙarya don ya ba mutane dariya addu'ar bone har sau uku. Lokacin da wasu sahabbai suka ɗauke igiyar wani yana barci ya farka a firgice, ya ce bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba. To ina ga wanda zai ɓoye makullin motar abokin aikinsa, ko ya tura saƙon ƙarya a zauren WhatsApp cewa albashi ya shigo, alhali mutane suna cikin matsi? Wasan barkwancin da muka gada, na Bagobiri da Bayarabe, na Bafulatani da Babarbare, na Bakano da Bazazzagi, yana da daɗi kuma yana kashe gaba, matuƙar duka biyun suna dariya. Da zarar ka ga ɗaya ya yi shiru yana murmushin yaƙe, wasa ya ƙare. Kuma ba a wasa da nakasar mutum, ko rashin haihuwarsa, ko daɗewarsa bai gama digiri na uku ba. Laƙabin da mai shi ba ya so, aya ta 11 ta Hujurat ta hana shi.

Ƙwallon sada zumunci tsakanin tsangayoyi yana buƙatar hankali, domin jiki ma amana ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Mutumin da ya ba hamsin baya, ya shekara bai yi gudu ba, idan ya faɗa fili da ƙarfe huɗu zai iya tsinka jijiyar dunduniya ko ya yanke jiki ya faɗi. A sa wasan bayan ƙarfe biyar, ko a bari sai hunturu. Kowane zagaye kada ya wuce minti ashirin, a bar canjin 'yan wasa a buɗe ba iyaka, a yi minti goma ana ɗumama jiki kafin a fara, a tanadi ruwa a gefen fili. Mai hawan jini ko ciwon suga ya auna kafin ranar, ya ji ta bakin likita. Wando ya rufe gwiwa. Idan ƙungiyoyi shida ne kuma kowa zai kara da kowa, wasa goma sha biyar ke nan, sai a lissafa makonni tun farko don kada ƙarshen gasar ya faɗa cikin jarrabawa ko azumi.

Amfanin zaman nan na gaskiya yana bayyana ranar da kujerar wani ta zama babu kowa. Wanda aka saba gani kullum, kwana uku ba a gan shi ba, kada a tsaya ga saƙon waya, mutum biyu su taka har gida. Sau da yawa rashin lafiya ce, ko bashi, ko abin da kunya ta hana shi faɗa. A asusun majalisa a ware kason jinya da ta'aziyya daban da kuɗin shayi, a sa mutum biyu su riƙe, ana karanta lissafi a ƙarshen kowane zangon karatu, kuma a yi wa ƙaramin malami daidai da yadda za a yi wa farfesa. Sabon da aka ɗauka aiki, musamman baƙon da ba ɗan gari ba, a jawo shi tun makon farko. Idan ku uku ne kada biyu su koma gefe suna raɗa, hadisi ya hana. Masinja da mai shara da suke kawo ruwan zafi su ma a zuba musu shayin. Iyali kuma suna jira a gida, majalisar da ta kai mutum har bayan Isha'i kullum ta shiga haƙƙin wasu.

Idan an tashi, kafin a naɗe tabarma, wani ya ɗaga murya ya tuna wa sauran addu'ar tashi daga majalisa wadda Tirmizi ya ruwaito, domin tana kankare abin da aka yi na yawan surutu a zaman: Subhanakallahumma wa bihamdika, ash-hadu an la ilaha illa anta, astagfiruka wa atubu ilaika.