Matasa, Ku Raya Zaman Nazarin Littafi Mai Tsarki

'Yan'uwa matasa na ikkilisiyoyinmu na karkara, daga Sumaila da Rogo har Roni, zaman nazarin Littafi Mai Tsarki yana mutuwa a hannunmu. Ranar Lahadi majami'a cike, ranar nazari kuwa tsofaffi huɗu ne a kan benci, da mai bishara yana jiran tsammani.

Littafin nan da ƙura ta rufe a kan taga, da wahala ya iso mu. A 1800 wata yarinya a Welis mai suna Mary Jones ta yi shekara shida tana tara kuɗi, ta taka sama da mil ashirin a ƙasa don ta sayi nata. Irin wannan ƙishin ne ya sa aka kafa ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya a Landan a 1804, bisa ƙa'idar buga nassi zalla ba sharhin kowa, don kowace ɗarika ta karɓa. Da Hausa, wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön ya fitar da Bisharar Matiyu a 1857, amma cikakken littafin sai 1932, bayan doguwar wahalar Dokta Miller na Wusasa da abokan aikinsa. Shekara 75 ke nan tsakani! Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta tsaya da ƙafarta a 1966.

Sai dai buga littafi daban, zama a kansa daban. A 1670 wani fasto mai suna Spener ya fara tara mutane kaɗan a gidansa a Farankfot ta Jamus, ana karatu ana tambaya. A 1742 mutanen John Wesley, mai wa'azin da ya kafa ɗarikar Methodist, a Biristol ta Ingila suka kasu rukuni-rukuni, kusan mutum goma sha biyu da jagora ɗaya, suna haɗuwa mako-mako. Ƙanƙantar taron ita ce ƙarfinsa, domin a cikin mutum goma ba inda mai shiru zai ɓuya.

Ku yi haka. Kada rukuni ya wuce goma sha biyu. In ya wuce, a raba. Awa ɗaya ta isa. Ku ɗauki littafi guda, kamar Markus mai sura 16, ku bi shi daga farko har ƙarshe, aya goma zuwa ashirin a kowane zama. A karanta da ƙarfi sau biyu, da bakin mutum biyu, saboda iyayenmu da ba su yi boko ba su ji da kyau. Sannan a tambaya: wa ke magana, da wa, me ya gabata? Sai an gama wannan a zo kan abin da nassin ke nema a gare mu.

A nan ake yawan tuntuɓe. Wani zai tsinko Filibiyawa 4:13, cewa zai iya kome ta wurin Almasihu, ya ɗora ta kan jarrabawar da bai yi wa karatu ba. Ku koma aya ta 11 da 12. Bulus yana tsare, yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa. Aya ce ta haƙuri da wadar zuci, ta wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin gero ya nuna.

Wata ɓarakar kuma daga jagora take. Da ya buɗe baki sai wa'azi na minti arba'in, kowa ya yi tagumi, mako mai zuwa rabi ba su dawo ba. Jagora ya yi tambaya, ya jira, ko da shirun ya yi tsawo. Abin da ya gagari kowa a rubuta shi a kai wa fasto, kada a ƙaga amsa don gudun kunya.

Ku lura da fassara. Hausar 1932 ta sha bamban da ta bugun baya, kuma na waya wani lokaci daban ne da na hannu. In kalmomi suka saɓa, a karanta duka biyun, sau da yawa ma'anar a nan take fitowa. Da damina kuma kada ku rufe zaman saboda noma. Ku mayar da shi bayan tuwon dare, minti talatin, da tocila ɗaya a tsakiyar tabarma.