Ku da kuka yi ma yaron nan dariya, ku matso

Tun jiya abin nan ke cina wallahi. Kun dai ga bidiyon ba sai na maimaita ba, yaro ya aza baƙin soso bisa ruwa cikin kwano ya rufe da gilashi, tururi na tashi ruwa na ɗiga gefe, shi kenan sai manyan masanan gindin bedi suka taso mai. Wani wai baƙin tukunya ne ya shafa ma katifa, wani wai ko takalmin roba ka aje a ranar Maraɗi sai ya yi zafi, to mi ne ne sabo. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Har da wani babba da furfurarshi yana aza hoton dariya guda biyar, haba Alhaji, ɗan cikinka fa ne.

To bari in gaya muku, ba zancen baƙi ya ɗauki zafi ba ne, wannan ko kakata ta sani. Zancen shi ne INA zafin yake tsayawa. Ka aje baƙar tukunya cike da ruwa a rana, zafin zai watsu cikin ruwan duka, ƙarfe ya sha nashi iska ta kwashi nata, la'asar ta yi ka samu ruwan wanka mai ɗumi, iyakarta kenan. Shi ko soson nan yana yawo bisa ruwa, yana tsotso ɗan kaɗan zuwa sama, hasken ya zama zafi nan bisa fatar soson kaɗai, ɗan ruwan da ya hau ya tashi tururi, na ƙasa ko yana nan da sanyinshi. Zafin a sama yake tsayawa. Wannan shi ne dukan maganar kuma ita ce ba ku tsaya kun gani ba don kuna sauri ku riga kowa ba'a.

Kuma mai cewa baƙin tukunya, ka faɗi gaskiya ba ka sani ba. Baƙin hayaƙin nan ƙwayoyin gawayi ne ƙanana ƙwarai, awonsu da nanomita ake yi, wato ka raba mita ɗaya gida biliyan, silin gashin kanka ɗaya ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000. Idan abu ya ƙanƙance haka halinshi da haske canzawa yake. Zinariya da kuka sani rawaya, in aka maida ta irin wannan ƙwayoyi cikin ruwa ja take komawa, masanin kimiyya Michael Faraday ya nuna haka a Ingila tun 1857. Haske na bugun ƙwayar sai lantarkin cikinta ya kama kaɗawa tare, kaɗawar nan ce ke komawa zafi, nan jikin ƙwayar, ba cikin kwanon duka ba. A 2012 Naomi Halas da mutanenta a jami'ar Rice ta Amurka sun zuba irin ƙwayoyin nan cikin ruwa, na zinariya da kuma na baƙin gawayin da kuke rainawa, suka tara musu hasken rana, tururi ya tashi alhali kwalbar ruwan na tsome cikin ruwan ƙanƙara. Shekara ta zagayo suka haɗa tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a kayan aikin likita da wannan tururin, babu kuran babu icce. A 2014 kuma 'yan jami'ar MIT ta Amurka suka yi nasu da soson gawayi mai yawo bisa ruwa, kusan irin na yaron nan, kashi 85 cikin ɗari na hasken ya tafi ga yin tururi. Su can an buga su a jaridu, namu nan an ce ya ɓata katifa.

Na san mi za ku ce, wai zinariya tsada. Wa ya ce ku sayo zinariya? Na ce muku gawayi ma na yi. Wai ruwan da ke fita kaɗan ne. E kaɗan ne, rana tsaka tana zubo wajen wat 1000 bisa kowane mita ɗaya tsawo da faɗi, ko ka kama shi duka abin da zai tashi a awa bai wuce lita ɗaya da rabi ba, to sai mi? Wa ya ce garka za a ban ruwa da shi? Ku je ku tambayi matar da ke aikin karɓar haihuwa a ƙauye darajar almakashi mai tsabta ranar da babu gaz babu kuran. Ku tambayi mutanen Tibiri nan kusa da mu, da ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ma ɗaruruwan yara ƙashi ya ɓata musu haƙora. Irin wannan ruwa ko ka tafasa shi sau goma gubar na nan, amma in ya tashi tururi ya sake ɗigowa a baya yake barin ta. Ni wannan ne ya sa ban ga abin dariya ba, don yaran nan yanzu manya ne, muna haɗuwa da su a kasuwa.

Har ciwon daji ana gwada ƙona shi da dabarar nan, a sa ƙwayoyin su taru cikin ƙarin a haska su, su ƙone shi naman gefe ya tsira, a 2019 an fitar da sakamakon gwaji bisa maza 16 masu kansar prostat, wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza. Zafi inda ake so kawai. Gwaji ne fa, kada gobe wani ya fito da kwalba a tasha ya ce nano ce.

Abin da ya fi ƙona min rai, mu ne fa bai kamata mu yi wannan dariya ba. Abdou Moumouni da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunanshi a Tasawa aka haife shi a 1929, ya shugabanci ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, tun 1969, yana ƙera tukunyar rana da na'urar ɗumama ruwa lokacin da wasu ƙasashen ba su ma waiwayi abin ba. Da a ce zamanin WhatsApp ya zo na tabbata da kun ce mashi madubi ne kawai ya jera.

Ni dai yaron nan in yana karantawa, ƙanena ka samo ma'aunin zafi ka auna saman soson ka auna ruwan ƙasa ka ɗauka a bidiyo, ka kuma auna abin da ya ɗigo a awa, ka kai ma malaman fizik na jami'ar Ɗan Dikko su duba maka. Kada ka sha ruwan tukuna, soson katifa in ya yi zafi ba a san abin da yake saki ba.