Daliget ba ya ƙirga sharhinka na Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman mu da muka ɗauki tafiyar ɗan takarar da ba gwamna ko ɗaya a bayansa, ba buhun kuɗi, sai mu da wayoyinmu. Ni ma a cikinku nake, shi ya sa ba zan shafa wa maganar zuma ba.

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayi wajen Wunti a garin Bauchi, wani ƙanena ya miƙo min waya baki har kunne, wai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a X, gwaninmu ya yi wa kowa fintinkau. Na ce masa madalla, to wane ne shugaban jam'iyya na mazaɓarku? Shiru. Katin jam'iyya fa, kana da shi? Ya ce ai shi aikinsa na intanet ne. Tun daga nan shayin ya fita raina.

Ku tuna 2022. Kafin zaɓen fidda gwani na APC, idan ka buɗe waya sai ka rantse Osinbajo ya gama cinyewa, ga shi kuma mataimakin shugaban ƙasa mai ci. Da aka juye akwatuna a Eagle Square, Tinubu 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. Daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, uku-uku aka ɗauko daga kowace ƙaramar hukuma. Bauchi ƙananan hukumomi 20 gare ta, ka ga mutum 60 ke nan suka yi magana da yawun jihar nan kaf, daga Toro har Zaki. A cikin sittin ɗin nan, wa ka sani? Wa ka taɓa gaisarwa? A PDP kuwa Atiku ya samu 371, Wike 237, Kauran Bauchi, Bala Mohammed, yana kan kujerar gwamna ya tashi da 20. Idan masu ofis da jiniya haka ta kasance musu, ina ga namu da ba shi da kowa sai Allah sai mu?

Kada wani ya ce ai idan 'yar tinƙe za a yi, jama'a ce za ta yi magana. Ko ƙato bayan ƙato ne, sai wanda sunansa ke cikin rajistar jam'iyya zai shiga layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce ihun waya banza ba ne. Peter Obi ya bar PDP ana saura kwanaki a yi fidda gwani, matasa suka ɗauke shi a kafafen sadarwa, ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan 6 a 2023. A Amurka ma, magoya bayan Bernie Sanders a 2016 da 'yan kuɗin aljihunsu suka riƙe shi, gudummawar ba ta wuce kimanin dala 27 ba idan an daidaita, suna bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, kuma duk da haka Hillary Clinton ta kayar da shi. Waɗanda suka cire kuɗi da gumi ke nan. Mu fa me muka cire, ban da kuɗin data? Fom ɗin takarar shugaban ƙasa kaɗai a 2022 naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan, kowace tana neman ejan da zai wuni a rana bai sayar da takardar sakamako ba.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne bakinmu. Mun mai da zagi kamfe. Dattijo ya rubuta cewa shi wani yake so, yara sa'o'in jikokinsa sun yi masa caa, wannan ya ce ɗan maula, wancan ya ce an saye shi da taliya. To wannan dattijon, ba mamaki ƙaninsa ne daliget ɗin mazaɓarku, ko shi ake zuwa wa shawara bayan sallar Isha'i. Mai rinjaye zai iya yin asarar mutum ɗari bai ji a jikinsa ba. Mu da muke ƙasa, kowane mutum ɗaya da muka zaga, da shi da gidansa muka kora. Na san wani abokina da kawunsa ya daina amsa gaisuwarsa saboda abin da ya rubuta a zauren WhatsApp na dangi, alhali ɗan takarar da ya yi faɗan dominsa ko sunansa bai sani ba. Manyan nan gobe za ka gan su a ɗaurin auren 'ya'yan juna a Abuja suna tafawa. Kai kuwa a layi ɗaya za ku ci gaba da zama da wanda ka ci wa mutunci, shi zai ɗauki makararka ko ka ɗauki tasa. Da can 'yan daban Sara-suka ake ba wa gora da adda, yanzu waya ake ba mu, wasu ma kyauta suke yi.

Sai ƙarya. Hoton taron Mauludi ko na wata ƙasar a ce gangamin gwaninmu ne a Azare. Allah Ya ce mu bincika labari kafin mu ɗauka, aya ce a Suratul Hujurat, kowa ya sani. Ranar da aka kama mu da hoto ɗaya na bogi, gaskiya goma da muka faɗa a baya ta bi ruwa.

Ni dai ranar Asabar bayan La'asar zan je ofishin jam'iyya na mazaɓarmu in duba ko sunana na nan a rajista, daga can in biya in gai da wani dattijo da yaranmu suka yi wa rashin kunya makon jiya, in ba shi haƙuri. Na ce wa ƙanen nan nawa ya shirya mu tafi tare. Ya amsa, amma sai da ya tambaye ni ko akwai wurin cajin waya a can.