Kumasi ta bar yara su yi wasa a aji, amma da wane harshe?

Iyayen Zangon Kumasi da iyayen Kano ma'auni ɗaya muke riƙe da shi: nauyin jakar yaro. In ɗan shekara huɗu ya dawo da littafi cike da A zuwa Z da aikin gida shafi biyu, sai mu ce kuɗinmu ba su faɗi ƙasa banza ba. In ya dawo da ƙura a gwiwa yana rera waƙa, sai a fara cigiyar wata makarantar. Ni a ganina ma'aunin ne ke da gyara, kuma zaman Gana ne ya ba ni abin da zan kwatanta da gida.

A nan, shekara biyu na ajin share fage, wanda kowa ke kira KG, suna cikin karatun tushe tun gyaran da aka yi a 2007. Yaro na shiga yana shekara 4, ya fita yana dosar 6. Manhajar da aka fito da ita a 2019 kuwa cewa ta yi a koyar da waɗannan yara ta hanyar wasa. A Najeriya shekara ɗaya ce aka tanada kafin firamare, kuma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na unguwanninmu ya san sau da yawa ajin bai wuce ɗakin ajiye yara ba har yayyensu su tashi.

Ajin da 'yata take a unguwar Asawase ta Kumasi ba wani na masu kuɗi ba ne. Rufin kwano ne, yara sun cika shi maƙil, malama ɗaya da mai taimaka mata. A kusurwa guda an jera gwangwanayen Milo da na madara da kwalayen sabulu, an ce shago ne. Murafen kwalabe su ne kuɗi. Na tsaya ta taga ina kallon wani yaro yana ciniki da gaske, har da ɓata rai don an taya masa da arha. Mai sayen ta ce sabulu take so, ya ɗauko kwali, ya sa yatsa a kan babban harafin da ke jiki yana furta sautinsa. Ba wanda ya ce masa karatu yake yi. Can gefe wasu na zana harafi da yatsa a faranti mai yashi, in ya karkace su girgiza farantin su sake, babu jan biro, babu kuka. Da aka fita fili malamar ta ɗauko tafin ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan matan Gana, ta sa suna tafa sunayensu gaɓa-gaɓa: Ra-shi-da tafi uku, Mu-sa tafi biyu.

Wannan tafin shi ne gindin karatun. Kafin harafi ya zama wani abu a idon yaro, sai kunnensa ya fara gane cewa kalma tana rarrabuwa, cewa "baba" da "bashi" farkonsu ɗaya. Wanda bai ji haka ba zai iya rera ABC tun daga farko har ƙarshe, ka nuna masa harafi ɗaya a tsakiya ya yi zuru. Haka kuma yaron da bai tara kalmomi a baka ba, ko ya iya haɗa baƙi, sauti kawai yake fitarwa, bai san me ya karanta ba. Kalmomi kuwa a surutu ake tara su, ajin da aka hana magana ba ya ba da su.

Ƙanwata a Kano ta kira ni kwanaki, ɗanta sa'an 'yata ne. "Yaya, wai har yanzu 'yar taki ba ta fara rubuta ɗaya zuwa ɗari ba? Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Na ce mata tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Yaron nata yana makarantar kuɗi, kullum bayan magariba ita ke riƙe masa hannu a cika shafi, yana gyangyaɗi tana lallashi. Rubutun da malamar ke yaba wa da safe na uwar ne, kowa ya sani, ba mai faɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu ba baƙin wannan hanya ba ne. Wace ce a cikinmu ba ta zauna a tsakar gida an ce "ga ta nan, ga ta nanku" ta amsa "ta zo mu ji ta" ba? Yarinyar da ta sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta riga ta san labari yana da farko da tsakiya da ƙurunƙus, ta iya hasashen makircin da Gizo zai ƙulla kafin ya ƙulla. Kacici-kacici na koya wa yaro ya juya magana ya duba bayanta. Zancen nan na ƙato da kwaɗo da suka je ƙoto, wanda muke faɗa da sauri harshe na sarƙewa ana dariya, horon kunne ne a kan bambancin k da ƙ wanda babu littafin da ya kai shi. Carafke na gyara yatsun da za su riƙe alƙalami. Hatta malaman allo sun san yaro da waƙa da siffa yake riƙe abu, shi ya sa suka raɗa wa baƙaƙe sunaye irin su "ha mai ruwa", aka mai da su abin rerawa. Da boko ta zo sai muka ɗauka duk wannan shiririta ce, muka bar wa aji bulala da hadda.

To amma kada a ce na zo yabon Gana ne. Ɗan Zango yana da tasa asarar. Ga harsunan da gwamnati ta daɗe da amincewa a koyar da su a makaranta: Twi na Asante da na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Gonja, Kasem, Dagbani da Dagaare. Babu Hausa. Alhali a Aboabo da Asawase da Sawaba, haka a Nima da Mamobi can Accra, Hausa ce ke haɗa ɗan Mosi da ɗan Wangara da Bazabarme da Kotokoli a bakin famfo, kuma gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita. Hausawa na fataucin goro a wannan ƙasa tun kafin yaƙin garin Salaga, can arewacin Gana, na 1892 ya watso da yawansu kudu. Duk da haka yaron da ya tashi da Hausa yana ajiye ta a bakin ƙofar makaranta.

A wancan shagon na gwangwani, da Hausa yaran ke ciniki tsakaninsu. Malama na matsowa sai su koma Twi, harshen mutanen Kumasi, ko guntun Turanci, marasa baki kuma su yi tsit. Gaskiya ne yaran Kumasi na ɗaukar Twi da wuri, wasu ma kafin su shiga aji. Amma mai ƙaramin Twi yakan rasa mafi daɗin wasan, wato gardama da ba da labari da ƙirƙiro ƙarya mai daɗi, ya tsaya a maimaita abin da aka faɗa. Hadda ce ta dawo ta bayan gida.

A Oktoban 2025 ministan ilimi na Gana, Haruna Iddrisu, ya ba da umarnin a riƙa koyar da ƙananan yara da harshen gida. Wata ɗaya bayan haka takwaransa na Najeriya, Tunji Alausa, ya soke tsarin 2022 na koyarwa da harshen uwa, ya ce a koma Turanci. Na karanta labaran biyu na rasa wanne zan yi wa dariya. A Kano ga malama Bahaushiya, ga yara Hausawa, ga rubutun boko da yake kusan yadda ake furta shi haka ake rubuta shi, ba be bi bo bu, an ce su rufe baki su yi Turanci. A Kumasi an ce a yi harshen gida, harshen gidan ɗan Zango kuma ba ya cikin jerin.

Ba na tsammanin jerin nan zai sauya gobe. Abin da nake ganin yana hannunmu shi ne abin da ƙungiyar Lively Minds ke yi a ƙauyukan arewacin Gana: ana horar da iyaye mata, har waɗanda ba su yi boko ba, su shigo ajin KG su jagoranci wasanni da harshen da yara ke ji. Makarantun Zango, musamman na Islamiyya da ke ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana, za su iya ware ko awa ɗaya a mako don tatsuniya da kacici-kacici da Hausa. Na kawo maganar a taron iyaye da malamai, wata Hajiya ta ce, "'Yata, da ƙarfe tara duk uwayen nan suna kasuwar Kejetia suna neman na cefane, wa zai zo?" Gaskiyarta. Waɗanda ke gida a wannan lokaci kakanni ne, kuma dama su ne tatsuniyoyin ke bakinsu. Shugabar makarantar ta ce in an samu tsofaffi biyu da za su riƙa zuwa ranar Laraba, za ta ba su rabin awa kafin tara.