Zanzaron da ya ci mini IGBT shida

A jikin injin waldata an rubuta amfiya 250 da manyan baƙaƙe, kuma na yarda, don mai araha ba ya musu da rubutu. Da na tsaya na yi lissafi da na gane. Walda a amfiya 250 tana cin wajen bolt 30, wato wat 7,500 ke nan, alhali soket ɗin bango mai amfiya 13 ko wat 3,000 ba ya cikawa. Irin 'yan ƙananan injinan nan ne marasa nauyi da ake ratayawa a kafaɗa, masu inbata a ciki maimakon tsohuwar taransifoma.

Ranar da abin ya faru, ƙofar maƙwabcina nake liƙa wa hinji da sandar walda geji 10. Na ƙona sanduna biyar a jere ban ɗaga kai ba. Fitilar ruwan ɗorawa ta kama, wadda ke nufin injin ya yi zafi, na ce mata ta yi haƙuri saura kaɗan. Da ta mutu na ci gaba. Sai ji na yi fat! Hayaƙi ya fito ta ramukan gefe, fis ɗin gida ya tafi, uwargida ta leƙo daga tsakar gida.

"Maigida, lafiya? Firij ya ɗauke."

"Gwaji nake yi," na ce.

Na zare filogi, na kwance murfi, na kai sukudireba cikin allon kayan wuta da gadarar wanda ya cire wuta. A nan na koyi darasin farko. Wutar bolt 220 idan ta bi ta birij ta zama DC, tana taruwa a manyan kwandansa guda uku, kowanne 470µF, har ta kai wajen bolt 310. Akwai razista da aikinta shi ne zuƙe wannan wutar bayan an kashe inji, to tawa ta riga ta ƙone. Bakin sukudireban ya haɗa ƙafa biyu, aka yi tartsatsi kamar harbin bindigar toka, na tsinci kaina zaune a kan bokitin alwala. Har yau akwai giɓi a bakin sukudireban. Abin da ya kamata: a sa mita a DC a auna ƙafafun kwandansa, in akwai wuta a jona kwan fitila mai zare, wat 100, da wayoyi masu rufi har hasken ya mutu, a sake aunawa, sannan a kai hannu.

Gwajin IGBT, wato taransistocin da ke buɗe wa wuta hanya su rufe da sauri a cikin inbata, ba shi da wuya. Ƙafa uku gare shi: get, kalekta da emita. Ka juya mita zuwa alamar dayod, ka ɗora tsakanin kalekta da emita. Lafiyayye zai nuna wajen 0.4 ta fuska ɗaya, in ka juya wayoyin ya yi shiru. Matacce kuwa mita kuka take yi ta kowace fuska. Sai dai a kan allo matacce ɗaya yana shafa wa maƙwabcinsa baƙin jini, don haka sai an narkar da dalma an ciro kowanne an gwada shi shi kaɗai. Cikin huɗu nawa, biyu sun riga mu gidan gaskiya.

A kasuwa mai kayan ya ce, "Alhaji, ka kwashi huɗun gaba ɗaya, lamba ɗaya, kwali ɗaya."

Na yi murmushin wanda ya gano dabarar ɗan kasuwa, na sayi biyu. Lambar ma ba daidai take da 40N60 da ke ciki ba, amma ƙafa uku ce, baƙi ne, me ya rage? Na dawo na liƙa, na rufe, na kira yara su zo su ga aikin ubansu. Na danna makunni. Wannan karon ko sanda ban ɗauka ba. Fat! Ƙaramin ya yi tafi, ya ce in sake.

Sai da na zauna da mita na bi layin get ɗaya bayan ɗaya na ga inda aka haihu a ragaya. Kowane IGBT yana da 'yar razista a ƙafar get, a nawa om 10, da ƙaramin dayod a gefenta. Idan IGBT ya mutu, wuta mai ƙarfi takan kutsa ta get ta ƙone su. Ɗaya daga cikin nawa ta yanke, saboda haka sabon da na sa bai sami umarnin rufewa ba. Shi da abokin layinsa suka buɗe lokaci guda, bolt 310 ta sami hanya miƙaƙƙiya. Razistar da kuɗinta bai kai na ƙosai ba.

Na koma kasuwa kaina a ƙasa. Mai kayan bai ce komai ba, ya dai ƙirgo huɗu yana kallon sama. Na haɗa da razistoci, na gwada birij, na gwada dayod ɗin da ke wajen fitar wuta, na duba rilen da ke shigar da wuta a hankali. Na goge tsohon farin man da ke tsakanin IGBT da ƙarfen sanyaya na shafa sabo, siriri kawai, na mayar da 'yar takardar da ke hana su haɗa wuta da ƙarfen. Kafin kunnawa na sa kwan nan mai wat 100 a jere da waya mai wuta. Idan ya haska ya dushe, kwandansa ne suka cika, lafiya lau. Idan ya tsaya da haske, akwai sauran ɓarna, kuma kwan ne zai tare ta. Ya haska, ya dushe. A bakin fita mita ta nuna wajen bolt 60.

Ina cikin hamdala na lura da wani shiru. Fanka ba ta juyawa. Na auna wayarta, bolt 24 ɗinta na nan. Na haska tocila, sai ga ɗakin zanzaro na laka, ginin sama da ƙasa, ya riƙe fiffike biyu gam. Injin ya yi wata biyu a sito lokacin damina, ashe an ba da hayarsa ban sani ba. Na rushe ginin, na hure ƙura da garin ƙarfen giranda da suka toshe ƙarfen sanyaya, fanka ta tashi.

Tunda hanji na waje, na yanka kebul ɗin da injin ya zo da shi. A ido jan ƙarfe ne, da na kankare da wuƙa sai ga farin alminiyam. Shi ya sa yake zafi kamar bulala. Na sa jan ƙarfe na gaske mai kauri 25mm², na canja maƙalin as, wanda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake waldawa, don nasa kamar na shanya yake, na jefar da siririyar wayar ƙari na sa mai 2.5mm² gajera, don doguwa siririya tana zubar da bolt a hanya.

Na cire kwan, na rufe inji, na koma ƙofar maƙwabci. Na goga sanda, shiru. Na sake gogawa, ko ƙyas. Zufa ta karyo mini, na fara lissafin IGBT huɗu a karo na uku, har na ɗauko sukudireba mai giɓi. Maƙwabcin, wanda ya kwana huɗu yana tokare ƙofarsa da turmi, ya gyara murya.

"Malam, wannan abin da ke rataye a aljihunka, ba a jikin ƙofar ake maƙala shi ba?"